Amsa ga mai son sayen BMW 330i: yadda ake gane an sauya inji

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce wani dillali a nan Damagaram ya nuna maka BMW 330i ta 2002 mai giyar hannu, ya rantse injinta na kamfani ne, kai kuma da ka ɗana ta sai ka ji ba ta da jan da kake zato. Kana tambaya yadda za ka gane ko an sauya inji ko buwat, wato akwatin giya. Na daɗe ina kwance motocin nan ina ɗaurawa, bari in ba ka abin da hannuna ya taɓa.

Ka ɗauke idonka daga tambarin 330i da ke bayan but, da murfin robar da ke kan inji. Duka biyun ana sayensu a kasuwa, ko yaron gareji zai liƙa maka. Wannan ƙirar, E46, injunanta masu silinda shida na gidan M54 kama ɗaya gare su: na 320i lita 2.2 ne, doki 170. Na 325i lita 2.5, doki 192; na 330i lita 3, doki 231. Ka buɗe bonet, ba za ka raba su da ido ba. Mazauninsu ɗaya, shi ya sa ƙaramin ke shiga gurbin babban ba tare da an yanka ko an yi walda ba.

Abin da ke sa a sauya su a wajenmu kuwa zafi ne. Tankin ruwa na kusa da lagireto roba ne, yana tsagewa, famfon ruwa yana mutuwa, mai mota yana kan hanyar Tanut cikin watan Afrilu bai lura da allurar zafi ba. Gangar injin alminiyom ce. In ta dahu sosai, zaren notunan da ke ɗaure kan inji yakan zare daga cikinta. Daga nan sai a aika Kano, Ƙofar Ruwa, a kawo injin da ya samu. Ni dai na fi ganin na lita 2.5, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

To, shaidar da ba ta ƙarya tana jikin ƙarfe. A gefen hagu na gangar injin, ƙasa da bututun shan iska, kusa da kaskon baƙin mai, akwai wani ɗan fili shafaffe da aka buga lambobi. Wurin yana da wuyar gani, kullum maiƙo da ƙura sun rufe shi. Ka je da tsumma, da ɗan fetur a murfin gora, da fitilar waya. In ta kama, a hau da motar kan rami. Ka goge, ka zura waya ka ɗauki hoto. In ka ga 306S3, lita 3 ne. In 256S5 ne, na 325i aka ɗaura maka. 226S1 kuma na 320i ne, wannan zalunci ya kai zalunci. Idan ka tarar an bi wurin da garanda ya yi sumul, ko lambobin sun karkace wata sama wata ƙasa, kada ma ka tsaya ciniki. Mai goge lamba akwai abin da yake ɓoyewa, kuma ba kai ne za ka tsaya yi wa jandarma bayaninsa ba.

Akwai gajeriyar hanya ma. M54 ba shi da wayar totur, lantarki ne ke buɗe masa iska. In ka ga waya ta fito daga feda ta shiga inji, to M52 ne na 323i ko 328i, wanda ya girme shi.

Sai lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, a buge suke kan tudun shokoba na dama cikin bonet. Ka gwada su da na kart giris da takardar duwan, ɗaya bayan ɗaya. Bakwai na ƙarshe in ka sa su a shafukan intanet masu fassara lambar BMW, za su gaya maka injin da buwat ɗin da motar ta baro kamfani da su. Wani lokaci injin ba a taɓa shi ba, motar ce gaba ɗaya 325i aka yi mata kwalliya. Irin wannan birki ke tona ta: faifan gaba na 330i milimita 325 ne, na 325i kuma 300. Ka auna da tef.

Buwat da aksil na baya mutane sun fi mantawa da su. Kowanne yana da takardarsa ko lambarsa a jiki, amma sau da yawa yashi ya cinye. Ni gwajin da nake yi shi ne in hau hanyar Mirya, in sa giya ta 5, in tsaya a kan 100. Da aksil na asali, mai lissafin juyi 2.93, da taya mai inci 17 ta kamfani, allurar juyin inji tana zama wajen 2,500. In ta haura kusa da 2,900, an sa mata aksil na mota otomatik, 3.38. Wannan yaudararsa ta fi muni, don motar za ta riƙa fizga daga tsaye har ka ɗauka ƙarfi ne, alhali a doguwar hanya sai kuka da shan mai. Wasu da gangan suke haɗa shi da ƙaramin inji don ya rufe musu asiri.

Kana ƙarƙashin motar, dubi notunan da suka haɗa inji da buwat. Kan noti da ya cinye, ko noti ɗaya da ya bambanta da ƴan'uwansa, ko gurbi da aka bari fanko, alama ce an taɓa rabawa. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, ko kuloci aka sauya sai an raba. Abin da nake ƙi shi ne wayoyi da aka yanka aka naɗe da salatif kusa da akwatin kwamfutar inji. Ka sa mai na'ura ya karanta lambar shasin da ke cikin kwamfutar. Ka kuma leƙa allon kilomita: in akwai ɗan ɗigo yana ci kusa da lambobin, an sauya allon ko akwatin fitilu da na wata mota, kilomitar nan ba abin dogaro ba ce.

Ra'ayina, inji sauyayye ba aibi ba ne. Na lita 3 mai lafiya da aka ɗaura da tsabta ya fiye mini na asali da ya taɓa dahuwa. Ko na 2.5 ɗin ma mota ce mai daɗi, in an sayar maka a kuɗin 325i. Abin da ba zan yarda ba shi ne cinikin biri a sama. Ka ce wa dillalin za ka zo da safe kafin a tayar da ita, ka dafa injin ka ji da sanyinsa, ka zo da makanikinka ba nasa ba. In ciniki ya faɗa, a rubuta lambar inji tare da ta shasi a takardar sayarwa, gaban shaidu. Hoton lambar kuma in ka ɗauka ka turo nan, zan duba maka in sha Allah.