Filin Tambaya da Amsa: Goɗiya Mai Nannaɗaɗɗen Gashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wata goɗiya a intanet, gashinta a nannaɗe kamar na tunkiya, an ce don haihuwa aka ajiye ta a wata gonar dawaki a Amurka. Wane iri ce, yaya halinta, kuma 'ya'yanta suna gado? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Irin da ake kira Curly ne. Ya yi suna a jihar Nevada, wajen iyalin Damele masu kiwo, waɗanda suka lura cewa a tsananin sanyin 1932, da dawaki da yawa suka mutu, masu wannan gashin sun tsira. A 1971 aka kafa ƙungiyar da ke yi musu rajista. Tsayinsu matsakaici ne, yawanci santimita 142 zuwa 163 a kafaɗa.

Da sanyi ne gashin ke nannaɗewa sosai. Zafi na shigowa sai ya zube, wasu har da geza, jiki ya koma kusan sumul. Idan kana son tabbatarwa a lokacin zafi, leƙa cikin kunne: gashin wurin a murɗe yake duk shekara, tun ranar haihuwa.

Wajen hali, masu kiwonsu sun san su da sanyin rai da son mutane. Inda wani doki zai zabura ya tsinke igiya, ita takan tsaya cak ta ƙura wa abin ido. Ga goɗiyar haihuwa wannan babbar riba ce, don za ta bari a taɓa hantsarta, a duba ta, kuma ɗa yana kwaikwayon uwa: idan ba ta gudun mutum, shi ma ba zai guda ba. Sai dai kada sanyin halin ya ruɗe ka. Kowace goɗiya, a kwanakin farko bayan haihuwa, tana iya cizo ko harbi saboda ɗanta. Ka shiga barga ta gabanta, kada ka tsaya tsakaninsu.

Batun gado kuwa, ƙwayar halittar da ke nannaɗe gashi tana rinjaye. Idan uwa na ɗauke da guda ɗaya kuma aka yi mata barbara da doki mai gashi a miƙe, kowane ciki rabi da rabi ne. Mai guda biyu kuwa duk 'ya'yanta nannaɗaɗɗu ne. A nan matsalar take: nau'in ƙwayar halittar da ake kira KRT25, idan ya haɗu biyu a jikin doki, geza da wutsiya sukan zube su bar shi tsirara, ga ƙuda ba abin kora. Nau'in SP6 yana murɗa gashi ba tare da zubar da shi ba. Shi ya sa masu gona ke aika silin gashi ɗakin gwaji kafin su haɗa biyu.

Goɗiyar Curly ba ta da tsadar ci, amma saurin ƙiba gare ta. Goɗiya mai kilo 450, busasshiyar ciyawa kilo 7 zuwa 9 a rana ta ishe ta, sai a watanni uku na ƙarshe a ƙara hatsi kaɗan-kaɗan, don lokacin ne ɗan ke yawan girma. Ciki kusan kwana 340 ne. Bayan haihuwa, ɗa ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. Ta wuce haka, a kira likita, kada a ja ta da hannu.

Tambaya: Goɗiyata ta kai shekara 19. Bara gashinta ya yi tsawo ya nannaɗe, har bazara bai zube ba. Ko tana da jinin waɗancan dawakin? Ina so in sake kai ta barbara. Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, dakata da barbarar tukuna. Curly da gashinsa ake haifarsa. Gashin da ya zo da tsufa, ya ƙi zuba da zafi, alamar ciwon Cushing ce, wato wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ta kumbura tana zubo sinadarai fiye da kima. An fi ganinsa a dawakin da suka haura shekara 15.

Duba waɗannan: shan ruwa da fitsari sun yi yawa, gumi ba gaira ba dalili, naman gadon baya ya zaizaye, ciki ya sauko. Mafi haɗari shi ne kumburin cikin kofato. Ɗora tafin hannu a kan kofaton gaba da sassafe. Idan da zafi, kuma tana tsayawa ta miƙa ƙafafun gaba tana jingina nauyi baya, a janye mata hatsi nan take.

Likitan dabbobi zai ɗebi jini ya auna sinadarin ACTH, wanda yawansa ke nuna ciwon. Maganin ciwon pergolide ne, kullum, har ƙarshen rayuwa. Yana lafar da ciwon, ba ya warkarwa. Irin wannan goɗiya da wuya ta ɗauki ciki, in ma ta ɗauka, maganin yana hana nono zuwa, dole likita ya tsara lokacin dakatar da shi kafin haihuwa. A ganinmu, a shekara 19 ta gama nata. A aske mata gashin saboda zafin Maraɗi, a gyara kofato duk mako shida, a nemi budurwar goɗiya don haihuwa.