Tambaya da Amsa: Me ya sa ake hana ƙartin layi kutsawa gaba idan za a jefa ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara kallon ƙwallon ƙafa irin na Amurka ba, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ranar Asabar na kalli wasan jami'o'i, na ga an yi ɗan gajeren jifa, ƙartin nan na gaba sun riga sun yi nisa suna ture mutane, alƙalin wasa bai ce uffan ba. Washegari Lahadi a gasar ƙwararru ta NFL aka yi kusan irin wannan, har aka ci maki shida, sai ga tutar nan mai ruwan ɗorawa a ƙasa, aka soke komai, aka ce wai wani ƙato ya wuce gaba. Son kai ne na alƙalai, ko akwai dokar da ban sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alƙalan biyu duk suna iya zama a kan daidai, domin littafin doka biyu ka kalla ba ɗaya ba. Amma kafin mu zo kan bambancin, bari mu fara da su wane ne waɗannan ƙartin, don in ba a san matsayinsu ba dokar sai ta yi kama da neman fitina.

Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da mutum goma sha ɗaya a fili, kuma dole aƙalla bakwai su jeru a kan layin da za a fara wasan. Cikin bakwai ɗin nan, na ƙarshe ta dama da na ƙarshe ta hagu su ne aka yarje wa su cafe jifan gaba, tare da waɗanda ke tsaye a baya. Biyar ɗin tsakiya kuwa ba su da wannan izini. Su ne ƙartin layi, kowannensu a NFL yakan kai kilo 140 ko kusa da haka, kuma za ka gane su da lambar riga daga 50 zuwa 79. Aikinsu biyu ne: su buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya, ko su zama katanga ga mai jifa.

To a nan ne maganar take. Waɗannan ayyuka biyu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan a ido. Idan gudu za a yi, da an miƙa ƙwallo sai ka ga ƙartin sun sunkuyar da kai sun afka gaba, suna neman wanda za su ture. Idan jifa ne, sai su miƙe, su ja da baya taki biyu ko uku, hannuwa a gaba, suna jiran mai zuwa. Mai tsaron da ke tsaye yadi huɗu ko biyar a bayan layi ba ya ganin ƙwallo sosai, don jikkuna sun tare shi. Tun yana yaro abin da aka koya masa shi ne ya kalli hular kwanon ƙaton da ke gabansa: in ta yi ƙasa ta nufo shi, ya rugo gaba don gudu ne, in ta yi sama ta ja baya, ya koma ya tsare masu cafewa. Rabin daƙiƙa ce kawai yake da ita ya yanke shawara. Da a ce an bar ƙartin su afka gaba yadda suka ga dama sannan a jefa ƙwallo ta saman kansa, ai an ɗaure masa hannu ke nan. Ga kuma wata matsalar: mutum biyar masu wannan jiki suna yawo a inda ake tsere, sai su zama garkuwa ga mai cafewa, su tare masu tsaro tun ƙwallo bai bar hannu ba.

Saboda haka doka ta shata musu iyaka. A NFL, ƙaton layi ba zai wuce yadi ɗaya daga layin farawa ba har sai ƙwallo ya bar hannun mai jifa. Yadi ɗaya fa, irin wanda ake auna shadda da shi, bai ma cika mita ba. A wasan jami'o'i, ƙarƙashin hukumar NCAA, yadi uku ne. A makarantun sakandare mafi yawa, biyu. Hukuncin saɓawa shi ne a mayar da ƙungiya baya yadi biyar daga inda aka fara, a sake wasan, kuma duk abin da aka samu a wannan karon ya bi ruwa, ko da maki shida ne. In ka ga alƙali ya ɗora tafin hannunsa a kan hularsa yana sanarwa, wannan laifin yake nufi.

Akwai rangwame guda da ya kamata ka sani, don shi ke sa masu kallo ihu ba bisa ƙa'ida ba. A NFL, idan ƙato ya kama abokin karawarsa tun a cikin yadi ɗayan nan, ya yi ta tura shi baya har yadi huɗu ko biyar ba tare da sun rabu ba, babu laifi. Ƙarfinsa ne ya ba shi. Amma da zarar mutumin ya kuɓuce masa, sai ya tsaya cak, ko ya matsa gefe, ko ya koma baya. Ya ƙara taki gaba kafin jifa, tuta ce. Kuma in babu jifan gaba, babu wannan laifi gaba ɗaya: mai jifa ya fasa ya ruga da ƙwallon da kansa, ko ya jefa shi baya, ƙartin ko sun kai yadi ashirin ba ruwan kowa.

Yanzu ga abin da ka gani Asabar. Daga yadda ka kwatanta, irin wasan nan ne da ake yi wa masu tsaro tarko: a bar su su kutso kamar sun sami mai jifa, sai ya ɗan lila ƙwallo ga wani da ke tsaye a bayan layi, ƙarti uku na gabansa suna share masa hanya. A dokar jami'o'i, iyakar yadi uku tana aiki ne kawai idan jifan ya ƙetare layi. In a bayan layi aka cafe, ƙartin suna iya riga ƙwallo yin nisa. NFL ba ta san wannan sassauci ba. Jifan gaba jifan gaba ne, ko a ina aka cafe shi. Shi ya sa a can za ka ga ƙaton yana ɗan jinkiri a kan layi, yana ƙirga ɗaya, biyu a zuci, kafin ya saki jiki. Mai jifa ya makara da rabin daƙiƙa saboda wani ya tare masa hanya, ƙaton da bai da ido a ƙeya ya riga ya tafi, shi ke nan an soke. Sau da yawa wanda aka kira lambarsa ba shi ne ya yi kuskuren ba.

Wannan tsohuwar doka ta dawo bakin mutane ne saboda salon da ake kira RPO, wato zaɓin gudu ko jifa. A nan ƙartin ana ce musu su yi turin gudu kawai, su kansu ba su san abin da zai faru ba. Mai jifa yana riƙe da ƙwallo a jikin cikin mai gudu, idonsa a kan mai tsaro guda ɗaya: in mai tsaron ya rugo gaba, sai mai jifa ya zare ƙwallon ya jefa gurbin da aka bari, in kuwa ya tsaya, sai ya sakar wa mai gudu. Ka ga an ɗauki abin da aka koya wa mai tsaron tun yana yaro an mayar da shi makami a kansa. Da yadi uku a hannu, jami'o'i ne suka fi cin moriyar wannan. A wasan jami'o'in Auburn da Alabama na ƙarshen Nuwamban 2013, saura daƙiƙa 32, Nick Marshall, mai jifan Auburn, ya yi kamar zai ruga, masu tsaro suka taso masa, ya jefa wa Sammie Coates, yadi 39 zuwa gida, aka yi kunnen doki 28 da 28, daga baya Auburn ta ci. An daɗe ana gardamar inda ƙartin Auburn suke lokacin jifan. A 2015 kwamitin dokokin NCAA ya kawo shawarar a rage ukun zuwa ɗaya, kociyoyi irin su Gus Malzahn na Auburn suka ƙi, aka jingine maganar, aka ce alƙalai su ƙara sa ido. Salon ya shiga NFL duk da ƙuncin yadi ɗaya, kuma Philadelphia Eagles sun yi amfani da shi sosai a kakar da suka ɗauki kofin Super Bowl a Fabrairun 2018, sai dai a can dole ƙwallo ya fita da sauri kamar an taɓa garwashi.

Ni dai a ganina yadi uku ya yi yawa, musamman da yake a aikace ukun kan zama huɗu ko biyar ba a jefa tuta ba. Ba kuma na ganin laifin alƙalai sosai. Ana so mutum ya ga inda ƙafar ƙato take da kuma lokacin da ƙwallo ya bar hannu, abu biyu a wurare biyu a ƙiftawa ɗaya, kamar dai mai riƙe tuta a namu ƙwallon wajen satar gida. A NFL ma tun 2010 aka ɗauke alƙalin da ke tsayawa a bayan masu tsaro, wanda ya fi kowa ganin wannan, aka mayar da shi bayan masu kai hari don kare lafiyarsa.

Kada ka rikita wannan da laifuka biyu da ke maƙwabtaka da shi. Na farko, toshe mai tsaro can gaba kafin jifa, wanda ake ɗauka a matsayin shiga haƙƙin mai neman ƙwallo. Ya fi tsada, yadi goma a NFL, goma sha biyar a jami'a, kuma har masu izinin cafewa yana hawa kansu. Na biyu, ƙato ya taɓa ƙwallon da ba a ba shi izini ba. NFL ta yarda mai lamba 50 zuwa 79 ya je ya sanar da alƙali cewa a wannan karon shi mai cafewa ne, a shelanta wa kowa, ya tsaya a ƙarshen layi; a jami'a lambar kaɗai ta hana shi, sai dai ya canza riga. Ranar 30 ga Disambar 2023, Taylor Decker na Detroit Lions, mai lamba 68, ya cafe jifan ƙarin maki biyu, irin wanda ake nema bayan an ci shida, da zai sa su wuce Dallas Cowboys a daƙiƙun ƙarshe. Alƙali Brad Allen ya ce mai lamba 70, Dan Skipper, shi ne ya sanar da shi, ba Decker ba. Lions suka ce sam, amma an riga an soke, Dallas ta ci 20 da 19.