Tambaya da Amsa: Tocilata ta dushe, ko zan iya sa mata sabon ƙwai mai haske?

Assalamu alaikum. A wannan makon waya da kwamfuta za su ɗan huta, domin saƙonni huɗu sun taru a wurina kan abu guda, wato tocila. Kayan aikin da muke gyaran waya da su, mita da dalma da ƙarfen liƙi, su ne dai ake buƙata a nan, don haka aikin bai fita daga hurumin wannan fili ba.

Tambaya: Injiniya, ni mai gadi ne a wani sito a Bukuru. Ina da ƙaramar tocila ta ƙarfe mai cin batir AA guda ɗaya, ɗana ne ya kawo min ita tsaraba fiye da shekara goma sha biyar. Jikinta garau yake, amma haskenta ya ja baya ƙwarai. Wani yaro a kasuwar Taminus ta Jos ya ce zai sa mata ƙwai mai hasken fitilar mota. Gaskiya ne? Ba na son rabuwa da ita.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kada ka rabu da ita. Tocila mai jikin alminiyam wadda ta yi shekara goma sha biyar a hannun mai gadi ba ta tsage ba, ta fi da yawa daga cikin sababbin da ke kan tebura a Ahmadu Bello Way. Za a iya ƙara mata haske sosai. Amma maganar fitilar mota da batir AA ɗaya, wannan ba za ta yiwu ba, kuma zan faɗa maka dalili.

Kafin a kashe ko kwabo, a fara da tsafta. A kwance murfin gindi a dubi sifirin da zaren murfin. Idan batir ya taɓa yoyo a ciki, za a ga wani farin gari ko kore-kore. A kankare shi, a goge zaren da auduga da sifirit, a sa sabon batir. A irin waɗannan tocila jikin ƙarfen shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma, saboda haka datti kaɗan a zare yana iya cinye rabin haske. Na sha karɓar tocila da mai ita ya ce ƙwai ya mutu, ashe makunni ne ya yi tsatsa.

Idan an yi wannan haske bai dawo ba, sai a shiga cikin kai. Abubuwa uku ne a wurin: ƙwan da ake kira LED, wanda ke zaune a kan wani ɗan faifan ƙarfe, kwanon da ke tattara haske ya tura shi gaba, da ƙaramin fanel mai zagaye a bayansu wanda masu sana'a ke kira direba. Sunan ya dace da aikinsa, don shi ke ƙayyade yawan wutar da za ta shiga ƙwai. Farin LED yana buƙatar kusan bolt 3 kafin ya kama, batir AA kuwa bolt 1.5 yake da shi, mai caji ma 1.2. Ke nan direban tocilarka nau'in da ke ɗaga wuta ne. Duk wanda zai sayo maka sabo, ya tabbata an rubuta cewa yana aiki daga bolt 0.9 ko kusa da haka zuwa 1.5. Idan ya kawo na batirin litiyam, ko ƙyas ba za ta yi ba.

Yanzu lissafin da yaron nan bai yi maka ba. Ƙwai mai shan miliamfiya 350 a bolt 3 yana cin kusan wat ɗaya. Don a samar da wannan wat ɗayan daga batir mai bolt 1.2, dole direba ya ja sama da amfiya ɗaya, domin shi ma yana zubar da wani kaso a matsayin zafi. Batir mai caji na 2000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, zai riƙe hakan ƙasa da awa biyu. Idan aka ce a ninka wutar sau uku, batirin zai durƙushe cikin mintuna, musamman irin batiran nan masu arha da ake sayarwa a kanti. A sanyin Disamba na Jos kuwa abin ya fi muni, don sanyi yana rage wa batir ƙarfi.

Labari mai daɗi shi ne ba sai an ƙara wuta ba. Ƙwayayen wat ɗaya na farkon shekarun 2000 da ƙyar suke kai lumen 50, lumen kuwa shi ne ma'aunin yawan haske. Na yanzu, irin su Cree XP-G3 ko Samsung LH351D ko Luminus SST-20, suna ba da sama da lumen 100 da wannan wutar dai, wasunsu ma sun wuce haka da nisa. Sauya ƙwai kaɗai zai ninka maka haske ba tare da batir ya ƙara saurin ƙarewa ba. Wannan ci gaban ya samo asali ne daga Japan, inda Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya fito da shuɗin LED mai haske a 1993. Shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka karɓi kyautar Nobel a 2014 kan wannan aiki. Farin ƙwan da ke tocilarka shuɗi ne a asali, an shafa masa wani sinadari rawaya, shi ya sa idan ka leƙa shi a kashe za ka ga ɗigon rawaya.

Ga abin da zan so mai gyaran ya kiyaye, kuma Baba, ka tsaya a kansa yana yi. Ya auna faɗin tsohon faifan kafin ya sayi sabo. A ƙananan tocila yawanci milimita 16 ne ko ƙasa da haka, direba kuma sau da yawa 17 ko 15. Ya sayi ƙwan da aka riga aka ɗora a kan faifansa, kuma girman ƙwan ya shiga ramin kwanon haske. Waɗanda na ambata duk milimita 3.5 ne kowane gefe. Idan aka cusa babban ƙwai mai milimita 5 a ƙaramin kwano, haske zai bazu a gabanka amma ba zai yi nisa ba, kai kuma aikinka na hango bakin katanga ne.

Sai batun zafi, wanda shi ne ke kashe yawancin tocilar da aka yi wa irin wannan aiki. LED ba ya fitar da zafinsa ta gaba kamar tsohon ƙwai mai zare, ta bayansa yake fitarwa. Dole faifan ya kwanta daram a kan ƙarfen tocila, da ɗan man nan da muke shafa wa kan furosesa ta kwamfuta a tsakaninsu. Ɗigo kamar ƙwayar gero ya isa. Idan ya yi kauri sai ya zama katanga. Ƙwan da bai samu hanyar zubar da zafi ba zai fara komawa shuɗi-shuɗi, ya dushe, ya mutu. Jan waya ta tafi wurin alamar tarawa, baƙa wurin alamar ragewa. Liƙin ya zama shafal, don idan dalma ta yi tudu ta taɓa kwanon ƙarfe, wuta za ta haɗu. Akwai ɗan zoben roba da ake sawa a tsakani, kada ya yar da shi. Kada kuma yatsa ko ƙarfen liƙi ya taɓa ƙoƙon ƙwan.

Wannan dalmar da muke liƙi da ita, mafi yawanta kuza ce, kashi 63 cikin ɗari a mai kyau, kuma tana narkewa a digiri 183. Kai da ke Bukuru, kusa da kududdufan da haƙar kuza ta bari, ka fi ni sanin inda irin wannan ƙarfe ke fitowa.

Shawarata ta ƙarshe gare ka: a nemo direba mai matakai, ƙarami da matsakaici da babba, wanda ba shi da walƙiyar nan mai ɗauke ido. Daren gadi dogo ne. Ƙaramin mataki zai kai ka asuba, babban kuma ka ajiye shi sai ka ji motsi.

Tambaya: Yaya, ni ɗalibi ne a Unguwar Rogo. Batirin laftof ɗina ya mutu, na fasa shi na samu dogayen batira shida. Ina da tocila mai zuƙowa da aka rubuta lumen 100000 a kwalinta. Ina so in sa mata ɗaya daga ciki da direba mafi ƙarfi.

Amsa: Ƙanena, wannan lambar ta kwali ƙarya ce tsagwaronta. Cree XM-L na asali, wanda ake yawan kwaikwayonsa a irin waɗannan tocila, iyakarsa amfiya 3 da kusan lumen 1000. Haka ma batirin da za ka gani an rubuta masa 9900 mAh. Batiran da ka ciro sunansu 18650, wato kauri milimita 18, tsawo 65, kuma na kirki daga manyan kamfanoni suna tsayawa ne a wajen 3500 mAh. Na taɓa sayen irin masu babbar lambar nan don in gwada wa masu karatu, tun a hannu na ji ba nauyi, da na auna ko kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta bai kai ba.

Batiran laftof sukan yi kyau, don sau da yawa ɗaya ko biyu ne suka lalace suka ja wa sauran. Amma ina roƙonka ka ɗauki abin da muhimmanci, litiyam ba abin wasa ba ne. Ka auna kowanne da mita. Wanda ya sauka ƙasa da bolt 2.5, ka ware shi. Wanda rigarsa ta roba ta yage, ko ya lotsa, ko yake ɗaukar zafi a caji, shi ma ka ware. Duk jikin batirin nan ɓangaren ragewa ne, rigar ce kawai ta raba shi da ƙarfen tocila. Kada ka liƙa dalma kai tsaye a kansa, kada ka jefa shi aljihu tare da makullai. Cajinsa bolt 4.2 ne cif. Akwai ƙaramin fanel mai suna TP4056 da ke karɓar cajar waya ya yi wannan aikin; ka nemi mai ɗauke da kariya, kuma kada ka bar shi a caji ka tafi lacca ko ka kwanta barci.

Game da direba, wanda ya fi sauƙi shi ne mai ƙananan ƙwayoyi da ake kira AMC7135. Kowace ɗaya tana barin miliamfiya 350 ta wuce, sai ka ƙirga: uku sun ba da kusan amfiya ɗaya, takwas sun ba da 2.8. Na san takwas ɗin kake hari. Ni uku ko huɗu zan sa. Tocila mai zuƙowa kanta yana zamewa gaba da baya, don haka ba ta da hanyar kirki ta fitar da zafi, kuma da yawansu ramin da ƙwai ke zama a kai fanko ne a tsakiya. Sannan ido ba ya ganin haske yadda mita ke gani: sai ka ninka lumen kusan sau huɗu kafin ido ya ce an ninka sau biyu. Da amfiya ɗaya, batir mai 2000 mAh na gaske zai ba ka kusan awa biyu. Da 2.8 ko minti arba'in da biyar ba lallai ka samu ba, ga tocila ta yi zafin da ba za ta riƙu ba. Idan ka gama, ka cire murfin gindi, ka sa mita a ma'aunin amfiya 10, tsinke ɗaya a gindin batir, ɗaya a bakin ƙarfen da ba fenti, za ka ga ainihin abin da take sha.

Tambaya: Malam, ina sarin tumatir da attarugu a Farin Gada tun kafin gari ya waye. Da tocilata sai in ga kaya lafiya, idan rana ta fito in tarar da launi daban. Ƙarin haske nake buƙata?

Amsa: Hajiya, ba yawan hasken ne matsalarki ba, irinsa ne. Tocila masu arha suna amfani da ƙwai mai fari shuɗi-shuɗi, wanda ake rubuta wa 6500K ko sama (lambar K tana nuna launin haske, babba ta fi shuɗi, ƙarama ta fi rawaya), kuma irinsa yana da ƙarancin ja a cikinsa. Abin da haske bai ƙunsa ba, ido ba zai gani ba, shi ya sa nunanne da wanda ya fara lalacewa suke kama da juna. A nemo miki ƙwai mai 4000K wanda aka rubuta masa CRI 90 ko fiye. Lambar CRI tana nuna yadda haske ke fito da launi na gaskiya, hasken rana shi ne 100. Nichia 219 da 519A sun yi suna a wannan fanni, akwai kuma SST-20 mai 4000K. Za ki ga kamar haske ya ɗan ragu, amma jan tumatir zai fito ja. Ni ma da irinsa nake duba fanel ɗin waya, don wayoyi masu launi ba sa rikice min, kuma a ƙurar hunturu ya fi min sauƙi a ido.

Tambaya: Tocilar roba mai caji, wadda ake soka ta kai tsaye a soket, ita ma za a iya yi mata wannan aiki?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ka bar ta yadda take. Roba ba ta ɗauke zafi, ƙwai mai ƙarfi zai narkar da mazauninsa. Abin da ya fi damuna shi ne cajarta: da yawansu ba su da taransifoma, wani kafasito ne kawai ke rage wutar gida, saboda haka wayoyin ciki na iya kama mutum idan tana soket. Kada ka buɗe ta tana caji, kada ka kunna ta tana caji, kuma kada ka sauya mata batirin asali da na litiyam, don wannan cajar ba ta san inda za ta tsaya ba. Idan batirinta ya mutu, ka sa irin nasa, ko ka tara kuɗin ka sayi mai jikin ƙarfe ko da ta hannu ce, ka kawo ta mu duba girman faifanta.