Ƙafar ɗana ta sake lanƙwashewa: wace irin tiyata za a yi masa?

Tambaya: Likita, an haifi ɗana da ƙafar dama a lanƙwashe ciki. Tun yana jariri aka yi ta sa masa siminti har ta miƙe, aka ba mu takalmi mai sanda. Da kukan dare ya yi yawa, sai kakarsa ta ce a cire. Yanzu shekararsa uku da rabi, yana taka gefen ƙafar, kuma an ce sai an yi aiki. Ina tsoro. (Wata uwa daga Garwa)

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, a shekarunsa gyara bai wuce ba. Kusan yaro 1 cikin 1,000 ake haifa haka, maza sun fi yawa, kuma ba wani abu da kika ci ko kika tsallaka da ciki ne ya jawo ba. Dawowar lanƙwasar kuwa, cire takalmin nan ne babban dalilinta, domin ana so yaro ya sa shi awa 23 kullum na wata uku, sannan ya riƙa kwana da shi har shekara huɗu zuwa biyar.

Ayyukan da ake yi wa wannan ƙafa iri-iri ne, don haka ki tambayi likitan wanne yake nufi. Kafin a kai ga wuƙa ma, yawanci akan fara komawa siminti, ana canzawa mako-mako, bisa hanyar da Dakta Ignacio Ponseti ya tsara a Jami'ar Iowa ta Amurka. Ƙafar da ba a miƙar da ita ba, ba a gaggauta yi mata aiki.

Mafi ƙanƙanta shi ne tsinka jijiyar agara, wadda ke riƙe dunduniya sama. Wataƙila ma an yi masa yana jariri, don yawancin yaran da ke bin wannan hanya suna buƙata. Jariri allurar kashe zafi ta ishe shi, sai siminti na mako uku, jijiyar ta haɗe da tsawon da ake so. Yaro kamar naki akan sa shi barci, wani lokaci a tsawaita jijiyar maimakon a tsinka ta.

Wanda na fi zaton ana nufi shi ne sauya wa jijiya mazauni. Akwai jijiyar da ke saukowa ta gaban ƙauri ta kama gefen ƙafa na ciki. Idan ta rinjayi 'yan uwanta, duk ɗaga ƙafar da yaro zai yi sai tafin ya juya ciki. Likita zai cire bakinta daga nan ya dasa a wani ƙaramin ƙashi da ke tsakiyar saman ƙafa, ta koma jan ƙafar a miƙe. Ba a yin sa sai wannan ƙashin ya yi ƙwari, wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, saboda haka ɗanki ya isa. Siminti na kusan mako shida ke biyo baya. Ina son aikin nan don ba ya shiga cikin gaɓoɓi.

Babbar tiyata, wadda ake buɗe baya da gefen ƙafa a saki jijiyoyi da gaɓoɓi gaba ɗaya, an yi yayinta a shekarun 1970 da 1980. Ƙafar takan yi kyau a ido, amma da yawa sun girma da ƙafa mai tauri da ciwo. Idan ita aka ambata miki ba a sake gwada siminti ba, ki nemi ganin wani likitan ƙashi na yara, ko da sai kin je Ngaundere ko Yawunde. Yanke ƙashi, ɗaura zobban ƙarfe na Ilizarov, ko haɗe gaɓoɓi uku na ƙafa bayan yaro ya kai shekara goma, na waɗanda suka daɗe suna taka bayan ƙafa har ta yi kanta ne.

Kada a kai shi wajen maɗori, ba karaya ba ce. Idan an sa siminti, musamman da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, ki riƙa duba yatsunsa safe da yamma. Suka kumbura, suka yi sanyi, suka shige ciki, ko kika ji wari, ki koma asibiti a ranar. Ranar da za a yi bayanin takalmi kuma, ki tafi da kakarsa ta ji daga bakin likita.