Tambaya da Amsa: Wai me ke cikin atom?

Malam, malamin kemistirinmu ya ce komai da atom aka yi shi har ni, to shi me ke cikinsa? Ɗaliba daga Gwale.

Ƴata, gaskiya ya faɗa miki. A tsakiyar atom akwai ƙwaya inda wasu ƙananan ɓurɓushi da ake kira furoton da niyutiron suke cunkushe, ilektiron kuma suna ta zagaye a waje. Furoton cajinsa na lantarki fozitif, ilektiron negetif, niyutiron ba ruwansa da caji. Yawan furoton ke bambanta sinadarai, haidirojin 1, oksijin 8, kabon 6 wato gawayin da ake gasa masara da shi. Ni abin da ke ɗaure min kai yawancin atom fili ne wallahi, da zai kai girman sitadiyam ɗin Ƙofar Mata ƙwayar nan ba za ta wuce ta gero ba, masanin kimiyya Rutherford ne ya gano ta a 1911.