Fili Mai Fuska Biyu: Dakata da Haƙa Tushen Nan, Alhaji

Tambaya: Malam, atamfa da leshi nake sayarwa a Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna. Na sayi fili ƙafa 50 a 100 a Rigasa, a kan kwana yake, fuska ɗaya na kallon kwalta, ɗaya na kallon layin unguwa. Ƙanin matata magini ne, ya auna ya ce shago 13 za su fita in muka kai gini har bakin kwata. Batun izinin gini ya ce kada in damu, yana da mutane, in an kai linta sai a daidaita. Mutum huɗu har sun ba ni hayar shekara, dubu 400 kowanne. Ina da miliyan 18 a hannu. In zuba duka a gama lokaci ɗaya, ko in bar rabi a jari?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a filin. Amma tambayar da ka yi ba ita ce matsalarka ba. Ko duka ka zuba ko rabi, a kan maganar baki za ka zuba. Shago 13 ɗin nan ba su cikin kowace takarda, a bakin surukinka kaɗai suke, kai kuma har ka fara karɓar kuɗin mutane a kansu.

Ban ce mugu ba ne, kuma wataƙila ya iya jera bulo fiye da kowa a unguwarsu. Sai dai ka duba inda abincinsa yake. Magini da yawan ɗakuna yake ci: shago 13 ya fi masa 9, ko da na ƙarshen a tsakiyar titi zai tsaya. Ranar da hukuma ta zo da jan fenti ta sa wa ginin alama, ba sunansa za a tambaya ba, naka ne a takardar fili. Shi ya riga ya karɓi ladan aikinsa, ba zai mayar ba, kai kuma ba za ka iya kai shi ƙara ba, don daga ofishin 'yan sanda gida za ka koma ka tarar da yayarsa. Abin da ya sa nake jin tsoron "ina da mutane" daga bakin dangi ke nan fiye da daga bakin baƙo. Baƙo kana iya cewa ya rubuta ya sa hannu. Suruki kunya za ta hana ka.

Bari in gaya maka abin da bai gaya maka ba. Filin kwana ya fi tsada wajen saye, amma ya fi na tsakiyar layi ƙarancin wurin gini. Fili na tsakiyar layi daga gaba kawai ake ja da baya sosai. Naka titi biyu yake kallo, kowanne da tazarar da za a ce ka bari, kuma faɗinta ya danganta da girman titin: ta babban titi daban, ta layin unguwa daban. Wannan tazara ba don ƙawa ake barinta ba. Nan ne hanyar magudanar ruwa, turakun wuta, bututun famfo, da wurin da za a ci idan an tashi faɗaɗa titi. Bayan haka akwai kusurwar kanta, inda titunan biyu suka haɗu. Ita ake so a yanke a bar ta a buɗe, ba katanga mai tsawo, ba kwantena, ba allon talla, domin mai fitowa daga layi ya hango abin da ke tahowa a kwalta tun bai cusa kan motarsa ba.

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Gajeriyar fuskar filinka mita 15 ce. Wato kafin mai keke napep da bangonka ya tare wa gani ya ɗaga ƙafa ya taka birki, motar ta riga ta gama wuce filinka ta iso kansa. Kuma shagon da ke zaune a daidai wannan kusurwa, wanda kowa zai fi so, wanda ka riga ka sa masa kuɗi a ranka, shi ne na farko da idon hukuma zai faɗa wa.

Mu yi lissafi a tsaitsaye, da alƙaluma na misali kawai. Filinka kusan mita 15 ne a 30. A ce an ja ka mita 6 daga kwalta, mita 3 daga layi, saura 12 a 24. A fille kusurwa, a bar ɗan sarari tsakaninka da maƙwabci. Shago mai faɗin mita 3, da ƙyar ka samu 8 ko 9. A dubu 400, goma sha uku na kawo miliyan 5.2 a shekara, tara na kawo miliyan 3.6. To, a kan bambancin miliyan 1.6 ɗin nan ne kake shirin jefa miliyan 18 cikin caca. Da yaron shagonka ne ya kawo maka irin wannan ciniki a kan dilar atamfa, da ka kore shi.

Wasu shekaru da suka wuce wani mai kayan masarufi da na sani ya yi irin naka a wata unguwa a nan cikin gari. Ɗan wansa ne ke tsaye a kan aikin. Gini na kai wa linta aka zo aka shafa jan fenti, aka rubuta a dakata. Yaron ya ce ai haka suke yi wa kowa, ya sa aka bi da filasta aka rufe rubutun. Aka zuba dakin, wato rufin kankare, aka ɗora bene, masu haya suka shiga: mai kemis, tela, mai POS a kusurwa. Shekara ɗaya da wani abu lafiya lau, har mutumin yana yi mini dariya. Sai aka yi karo biyu a kwanar cikin wata guda, na biyun ya haɗa da yarinya 'yar Islamiyya, ta karye a cinya. Mutanen layin da kansu suka rubuta koke. Da katafila ta zo ba ta rushe duka ba, shago uku na gaba kawai ta yanke. Amma ginshiƙin da ke riƙe da dakin yana cikin abin da aka yanke. Na je washegari. Rodi na reto kamar jijiya, kantar mai kemis na tsaye da kwalaben maganin tari a jere babu bango a gabanta, tsaga ta bi benen daga sama har ƙasa. Babu wanda ya ƙara yarda ya kwana a saman. Masu haya suka nemi ragowar kuɗinsu, ya sayar da motarsa ya biya. Ɗan wan nasa kuwa yana Abuja yana wani aikin, har yau suna gaisawa da Sallah.

Kuma kai ba baƙo ba ne a garin nan. Tun da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar da aikin sabunta birni a 2019, ka ga yadda faɗaɗa tituna ya ci katangu da shaguna, ka ga yadda Kawo ta sauya kama. Mai takarda cikakkiya yana da bakin neman diyya. Wanda ya shiga hurumin titi ba izini, me zai nuna? Gwamnati na sauyawa, "mutanen" surukinka ana yi musu canjin wurin aiki ko su yi ritaya, amma fayil yana nan.

Wani kuskuren da 'yan kasuwa ke yi shi ne ɗaukar takardar mallaka a matsayin izinin gini. Abu biyu ne. Hukumar KADGIS ke kula da rajistar fili da takardar mallaka, hukumar KASUPDA kuma ke duba zane ta ba da izinin gini. Ta farko tana cewa filin naka ne, ta biyu ita ke cewa ga inda bangonka zai tsaya. Ko ta farkon ma, a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, haƙƙin zama aka ba ka. Takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta maye gurbin ko ɗaya. Na lura ma ba ka ambaci wace takarda ke hannunka ba, kuma shirun nan bai kwanta mini ba.

Saboda haka kada a haƙa ko taku ɗaya. Ka ɗauko safiyo mai rajista, wanda bai haɗa jini da kai ko da matarka ba, ya nemo bikon ɗin filin, wato alamomin iyakarsa, don sau da yawa abin da dillali ya nuna da ƙafa ya haɗa da hurumin titi, kuma bakin kwata ba shi ne iyakarka ba. Mai zane ya zana, ka ɗauki zanen da hannunka ka kai, ka biya ta hanyar da za a ba ka rasit, ka jira hatimi. In akwai wayar wuta babba a gefen filin, a auna ta ita ma, tana da tata tazarar. 

Su mutum huɗun nan, miliyan 1.6 ɗinsu ba jarinka ba ne, bashi ne. Ka kira su a makon nan ka ce adadin shaguna bai tabbata ba, mai son kuɗinsa ya karɓa, mai jira a rubuta masa. Musamman wanda ka yi wa alkawarin kusurwa. Ja da baya ma ba asara ba ne: sararin da ka bari shi zai zama wurin ajiye mota, kuma a Kaduna ta yau shagon da mai saye ke samun inda zai tsaya ya fi saurin samun ɗan haya mai biya.

Amsar tambayarka ta asali kuwa, kada ka taɓa jarin atamfa har ya rame. In izini ya fito ka fara da fuskar kwalta, haya ta gina sauran. Surukin naka ka bar masa aikin bulo da filasta in kana so, da farashi a rubuce, amma zanen da aka buga wa hatimi shi zai bi, kuma kafin a zuba kankaren tushe safiyo ya dawo ya sake ɗaura igiya. In ya yi fushi, ka ce ni na hana.