Wannan kuɗin zamanin Constantine ne, sarkin Romawa

Malam, ka ce ƙaramin kwabon tagulla ne, gefe ɗaya kan mutum da rubutun CONSTAN, ɗaya gefen kuma sojoji biyu riƙe da mashi. Ina kyautata zaton irin wanda Romawa suka buga da rubutun GLORIA EXERCITVS ne, na kirarin sojojinsu.

Duba tsakanin sojojin nan. In tuta biyu ce, an buga shi tsakanin shekarar 330 da 335 miladiyya. In guda ce, bayan nan ne, lokacin da aka rage nauyin kuɗin.

Gane mai hoton shi ne wahalar, don uban da 'ya'yansa sunayensu sun yi kama. CONSTANTINVS MAX AVG galibi uban ne da kansa. In ka ga IVN NOB C, ɗansa ne Constantine na Biyu. Haruffan can ƙasa kuma su ke nuna garin da aka buga shi: SMAN Antakiya, SMAL Iskandariya, CONS kuwa Istanbul ta yau.

Don Allah kada ka goge shi da lemon tsami ko soson ƙarfe, koren tsatsar nan tana kare rubutun. Irinsa suna da yawa, ba su da tsada. Turo mana hoton gefen biyu kusa da rula.